Coge a Wasan Chess: Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Yau da tonon asirin kaina zan fara, don haka ku gyara zama.

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san yadda dattawa ke buga dara a gindin bishiya ko a ƙofar soro bayan La'asar. Ramuka talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, 'yan kallo kuma sun yi da'ira. A nan coge yana da wuya, domin kafin hannunka ya kai ga ɗan da ba naka ba, idanu goma sun riga sun gan ka. To yanzu darar Turawa, wato chess, ta shigo wayoyinmu. Matasa da yawa sun ƙara sha'awarta tun da Tunde Onakoya, ɗan Najeriyar nan da ya kafa Chess in Slums Africa, ya shafe awa 60 yana wasa a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilun 2024. Sai dai a waya babu da'irar 'yan kallo. Daga kai sai allon wayarka, sai Allah da ke ganin ka.

Ina aji biyar na sakandare na faɗa wannan rami. Mu bakwai ne a unguwarmu muke wasa a intanet, kowa yana alfahari da makinsa. Nawa ya maƙale a wajen 900, abokaina suna ta yi mini dariya. Wata rana da dare na ari wayar yayana, na buɗe manhajar Stockfish a cikinta. Duk takun da abokin karawata ya yi sai in kwafa mata, duk amsar da ta bayar sai in kwafa masa. Cikin mako uku makina ya haura 1,600. Aka fara kira na "Gwani".

Abu biyu suka biyo baya. Na farko, wata safiya na tarar an rufe asusuna, an kuma rubuta a jikin sunana cewa na karya ƙa'idar wasa, kowa yana iya gani. Na ce wa abokaina kuskure aka yi. Na biyun ya fi zafi. Ɗaya daga cikinsu ya kawo allon katako soronmu, ya ce to Gwani, ga ƙanena ɗan aji biyu, a gwada. Kafin a kira Magariba yaron ya cinye ni sau biyu. Babu wanda ya zage ni. Shirun da suka yi ne har yau ban manta ba.

Me ya sa wannan coge yake da sauƙi haka? Tun a 1997 kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov. Waccan ƙatuwar na'ura ce mai tsada. A yau Stockfish kyauta ce, tana shiga ƙaramar waya, kuma ta fi kowane ɗan Adam iya wasan. Saboda haka manyan dandalin wasa irin su Chess.com da Lichess suka ɗauki lamarin da gaske. Chess.com kaɗai yana rufe dubun-dubatar asusu a kowane wata saboda maguɗi.

Ta yaya suke ganewa alhali ba sa ganin ɗakinka? Da farko suna gwada takunka da zaɓin manhaja, ba a wasa ɗaya ba, a wasanni masu yawa. Gwani ma yana kuskure, amma mai kwafa ba ya yi. Sannan suna duba lokaci. Mutum yakan yi taku mai sauƙi nan take, ya daɗe yana tunani a kan mai wuya. Mai coge kuwa daƙiƙa bakwai ko takwas yake ɗauka a kan kowanne, domin sai ya je ya tambayo, ko da cin sarauniyar da aka bar masa a fili ne. Suna kuma lura da wanda yake yawan fita daga shafin wasa ya dawo kafin kowane taku, da wanda jiya yake zubar da dokinsa a banza yau kuma ya wayi gari yana wasa kamar zakaran duniya. Na'ura ce ke fara zaƙulo irin waɗannan asusu, sannan ma'aikata su duba. A gasar da ake cin kuɗi kuwa har kyamara ake sa 'yan wasa su kunna, a ga fuskarsu da teburinsu. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Kada ku ɗauka yara kaɗai abin yake kayarwa. A 2019 an ɗauki hoton wani babban gwani mai suna Igors Rausis yana duba waya a banɗaki ana tsakiyar gasa a birnin Strasbourg na Faransa. Hukumar chess ta duniya, FIDE, ta dakatar da shi shekara shida, ta kuma ƙwace lambar gwanintarsa. A Indunisiya kuma, a watan Maris na 2021, an rufe asusun wani dattijo da ke wasa da sunan Dewa Kipas. Ya musanta, magoya bayansa suka yi ca a intanet. Sai aka shirya masa wasa ido da ido da gwanar ƙasar, Irene Sukandar, mutum fiye da miliyan ɗaya suna kallo kai tsaye. Ta cinye shi uku ba ko ɗaya. Da na karanta labarin, soronmu na tuna.

Labarin da ya fi ba ni tsoro shi ne na Hans Niemann, ɗan Amurka. A watan Satumbar 2022, yana da shekara 19, ya doke zakaran duniya na lokacin, Magnus Carlsen, a gasar Sinquefield da ke birnin St. Louis. Carlsen ya fice daga gasar, zargi ya tashi. Niemann ya amsa cewa ya taɓa coge a intanet yana ɗan shekara 12 da kuma 16, amma ya ce bai taɓa yi a gaban allo ba. Chess.com ya fitar da rahoto mai shafi 72 yana cewa da alama ya yi maguɗi a wasannin intanet fiye da 100. Duk da haka ba a samu hujjar cewa ya yi coge a wasansa da Carlsen ba. Rigimar ta kai kotu, aka sasanta a 2023. Ku duba da kyau: abin da ya yi yana sa'anku shi ya sa aka ƙi yarda da nasarar da ta fi kowace girma a rayuwarsa.

To idan kai aka cuta fa? A nan ma da yawanmu muna kuskure. Da an cinye mu sai mu hau zagi a akwatin hira, ko mu ɗauki hoton sunan mutum mu watsa a WhatsApp. Hausawa sun ce zato zunubi. Wasa ɗaya ba hujja ba ne. Idan ka zubar da sarauniyarka tun a taku na takwas, abokin karawarka zai samu makin daidaito mai yawa ba tare da taimakon kowa ba, domin ka sauƙaƙa masa. Abin yi shi ne ka ƙarasa wasanka, ka shiga shafin mutumin, ka danna wurin kai rahoto, ka faɗi abin da ka lura da shi a taƙaice. In ka ga dama ka toshe shi. Idan aka tabbatar da laifinsa, Chess.com da Lichess duk sukan mayar wa waɗanda aka cuta makin da suka rasa a wasannin baya-bayan nan. Abin da bai kamata ba shi ne ka ce tunda ana yi bari ni ma in rama. Ranar da za a rufe asusu, ba a tambayar wa ya fara.

Ku kuma san iyakar. Manhaja bayan an gama wasa malama ce: ka buɗe ta, ta nuna maka inda ka ɓata. Ana cikin wasa kuwa haramtacciya ce. Haka ma abokin da ya leƙo ta kafaɗarka ya ce "tura dokin nan", shi ma coge ne, ko da wasa yake yi.

Masu shirya gasa a makaranta ko a unguwa, ga abin da muka koma yi. Zagayen farko a waya, amma na kusa da ƙarshe da na ƙarshe a gaban allo, a tara wayoyi a hannun mutum ɗaya. Muna zaɓar gajeren wasa na minti biyar, domin kwafa tana cin lokaci. Wanda yake da ƙorafi ya kai wa mai shirya gasa a keɓe. Wanda kuma ya amsa laifinsa ya zauna gasa ɗaya a waje, sannan a karɓe shi. Ni ma haka aka yi mini, bayan na daure na faɗa musu gaskiya.

Na san wasu za su ce ai wasa ne kawai. Hannun da ya saba ɗauko waya ta biyu a kan makin da ba ya sayen ko ƙosai, me zai hana shi ɗauko takardar satar amsa ranar WAEC ko NECO? A can ba asusu ake rufewa ba, sakamako ake riƙewa.

Yau makina 1,250 ne. Bai kai na aron ba, amma duk wanda ya kawo allo soronmu zai tarar da shi a nan. Wancan yaron kuwa har yanzu yana cinye ni, sai dai yanzu sai ya yi gumi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.