Wa Ya Ce Karatun Harsuna Asara Ne?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a zaurukanmu, daga Nima zuwa Aboabo, kuma lokaci ya yi da za a tanka mata. Yaro zai samu gurbi a jami'a don karanta Faransanci ko Larabci ko adabi, sai uba ya yi tsaki ya ce: "Kuɗina sun tafi a banza, surutu zai koyo." Da likitanci ne ko lissafin kuɗi, da an yanka rago. Mu dai a ganinmu wannan raini mantuwa ce da asali.

Da me magabatanmu suka samu wurin zama a ƙasar nan? Ba mu da ƙasar gado a Gana. Fataucin goro ne ya kawo su Gwanja, amma harshe da alƙalami ne suka shigar da su fada. Turawan Ingila da suka isa Kumasi a 1817 sun tarar da malamai Musulmi suna rubuta wa Sarkin Tonawa wasiƙu da Larabci. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salaga ya kuma rasu a Kete Krachi a 1934, tun yana matashi ya wallafa littafi kan yadda ake tsara wasiƙa. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, har Bajamushe Adam Mischlich ya nemi ya rubuta masa tarihin ƙasashen Hausa. Wane ne zai ce surutu ya koya?

Mu da muka tashi a makarantar zaure, me muka karanta bayan fiƙihu? Nahawu da lugga da balaga, Muƙamatul Hariri da waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya. Wannan fa adabin baƙon harshe ne, kuma ba a kiran mutum malami sai ya ratsa shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu. To, ina dalilin girmama wannan ilimi a kan buzu, a wulaƙanta shi a kan benci?

Mai tambayar abin da za a ci, ya dubi taswira. Togo da Burkina Faso da Kodebuwa sun kewaye mu, dukansu da Faransanci ake aikin hukuma. Sanin haka ya sa Nkrumah ya kafa Cibiyar Harsuna ta Gana a 1961. A Legon ana koyar da Faransanci da Larabci da Sinanci da Suwahili da Rashanci da Sifaniyanci. Ɗan zango kuwa yana shiga ajin da Hausa da Tonanci da Turanci a bakinsa, ga Larabcin makarantar allo a kunnensa. Wa ya kai shi jari? Gaskiya ne aikin ba ya zuwa da gaggawa kamar na jinya. Amma duk wanda ya taɓa raka tsohuwa kotu ko asibiti, ya ji yadda tafinta marar ƙwarewa ke juya magana, ya san tsadar rashin namu a wurin.

Ga kuma abin da ya fi ciwo. Tun shekarun 1960 aka tara ɗaruruwan rubuce-rubucen malamanmu a Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon. Rubutun ajamin Alhaji Umaru kuwa, wani malami ɗan ƙasar Folan, Stanisław Piłaszewicz, shi ya zauna ya fassara shi zuwa Turanci. Allah ya saka masa, amma ina jikokin mai rubutun? Mun hana su karatun da zai buɗe musu akwatin kakansu.

Kiranmu biyu ne. Sarakunan zango da masu hannu da shuni, in za a raba tallafin karatu, a sa ɗalibin harshe a sahu ɗaya da ɗalibin likitanci. Ku kuma 'ya'yanmu, sharaɗinmu guda: wanda ya iya Faransanci bai iya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa da Hausa ba, karatunsa da saura. Allah ya sa mu gane.