Garwashin Da Ba Ya Hayaƙi

Kafin in je Kano, ban san hunturu ba sai a littafi. A garinmu a ƙasar Yarbawa muna da abin da muke kira oye, wato 'yar busasshiyar iska da ke zuwa wajen Kirsimeti, leɓe ya tsage, a shafa mai, bayan 'yan makonni ta wuce. Da aka tura mu Arewa domin mu zauna cikin Hausawa mu gyara bakinmu, sai na tarar ashe ɗanɗano kawai na sani. A watan Janairu ruwan randa kamar ƙanƙara yake da asuba, hazo kuma ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi. A nan ne na gane bambancin sanyi da ɗari, na san buji da jaura, kalmomin da na haddace domin jarrabawa amma ban taɓa jin su a jikina ba.

A nan ne kuma na kusa rasa raina, ni da abokin zamana. Wani dare da ɗari ya matsa, muka sayo gawayi muka hura a kasko. Wani maƙwabcinmu, da kyakkyawar niyya, ya ce mu bar shi a waje har hayaƙin ya ƙare, idan garwashi ya yi jawur sai mu shigar da shi. Haka muka yi, muka rufe ƙofa da taga, har muka toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Cikin dare na farka kaina kamar zai tsage, ina son miƙewa ƙafafuna sun ƙi. Da rarrafe na kai bakin ƙofa. Baba mai gidan ne ya ji motsi ya fito, ya jawo abokina waje yana cewa, "Kai yaran nan, wa ya ce muku ana kwana da wuta a ɗaki a rufe?" Muka yi ta amai har gari ya waye.

Daga baya na karanta abin da ya same mu. Idan gawayi yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iska da masana kimiyya ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta tashe ka. Idan ta shiga jini takan manne wa sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin, kuma riƙonta ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Alamominta su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, abubuwan da mutum zai ɗauka mura ce ko zazzaɓi, ya ƙara jan bargo. Mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa.

To, a nan ne maganar ta shafe mu, mu ɗaliban harshe. Duk lokacin da aka ba da labarin irin wannan mutuwa, sai a ce "hayaƙi ya kashe su." Kalmar hayaƙi kuwa a kunnen Bahaushe abu ne da ake gani, mai sa hawaye, mai baƙanta bango. Wanda ya ji haka, darasin da zai ɗauka shi ne ya jira hayaƙi ya ƙare sannan ya shigar da kasko, wato daidai shawarar da maƙwabcinmu ya ba mu. A nawa ra'ayin, wannan kalma tana cikin abubuwan da ke yaudarar mutane, domin ta nuna masu abokin gaba a inda ba ya nan. Garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da guba ba. Muna buƙatar wani lafazi dabam, ko da mai tsawo ne, kamar "iskar guba marar wari", kuma a riƙa maimaita shi har ya zauna a bakin jama'a. Ban ce nawa ne ya fi ba, amma mu da muke cika takardu da muhawara kan yadda za a fassara kalmomin nahawu, ga kalma ɗaya da fassararta ke iya tsayawa tsakanin mutum da kabari.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar rashin ilimi ce ta ƙasashenmu. A watan Fabrairun 2021 sanyi mai tsanani ya faɗa wa jihar Texas ta Amurka, wutar lantarki ta ɗauke wa miliyoyin gidaje kwana da kwanaki. Hukumomin jihar sun ƙidaya mutum 246 da suka mutu. Mafi yawansu sanyin ne ya kashe su, amma a cikinsu akwai waɗanda wannan iska ta halaka, saboda sun shigar da gawayi ko janareta cikin gida, ko sun kunna mota a rufaffen gareji domin jin ɗumi. Mu ma a Kudu, da ba mu da ɗari, mun saba jin iyali guda sun kwana ba su tashi ba saboda janareta da aka ajiye a lungun ɗaki don gudun ɓarawo. Iskar ɗaya ce.

Gaskiya ne hatsarin hunturu bai tsaya nan ba. Ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele a Chadi, takan dushe gari har a soke tashin jirage, direba kuma ba ya ganin tirelar da ta lalace a gabansa. Bushewar iska takan sa wuta ta ci kasuwa cikin ɗan lokaci. Sanƙarau ma a wannan zango na rani yake tashi. A 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya, kodayake rigakafin da aka shigo da shi daga 2011 ya karya lagon nau'in da ya fi ɓarna a da. Sai dai waɗannan duk suna da masu magana a kansu. Hukumar NiMet tana sanar da zuwan hazo, hukumomin kashe gobara suna jan kunne kowace shekara. Na kasko ne ba shi da mai shi, don yana kashe mutum biyu ko uku ne a ɓoye, a ce Allah ya ji ƙansu, a wuce.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Ba ka ce wa mai gadin da ke kwana a ƙaramar rumfa, ko almajirin da ke zaure da riga ɗaya, ko tsohuwa mai ciwon gaɓɓai, kada su ji ɗumi. Wanda ke da bargo biyu ne yake iya wannan wa'azi. Saboda haka saƙon da ke cewa "a daina" ba zai yi aiki ba. Wanda zai yi aiki shi ne na Baba mai gida: a ji ɗumi a waje ko a inda iska ke ratsawa, a fitar da kasko kafin a kwanta, kuma idan mutanen ɗaki guda suka tashi da ciwon kai a lokaci ɗaya, a fita waje nan take, a nufi asibiti. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Ina ba ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa shawara cewa kafin watan Nuwamba mu zauna mu tsara wannan saƙo cikin jimla uku ko huɗu, mu kai wa malamanmu su duba, sannan mu naɗe shi da murya, tunda ba kowa ke karatu ba amma kusan kowa na da WhatsApp ko rediyo. Mu fara da Hausawan da ke kusa da mu, a Sabo da tashoshin mota da kasuwannin shanu, domin direbobi da fatake su ne ke hawa Arewa kullum, kuma su ne za su gaya mana ko "iskar guba marar wari" ta shiga kunne, ko suna da wadda ta fi ta.