Dokar waya ta jirgin sama ta dace da jiragen ruwan Yauri

A watan Agustan 2025 hukumar NCAA ta umarci fasinjojin jiragen sama a Najeriya su kashe wayoyinsu lokacin tashi da sauka. A ƙananan jirage, inda matuƙi ɗaya ke riƙe da komai, haɗarin ya fi yawa: waya na ɗauke masa hankali, batirinta kuma kan kama da wuta idan ya yi zafi ko ya fashe.

Mu a Yauri, Ngaski da Shanga, ƙaramin jirginmu shi ne na ruwa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye na nan a cikin tafkin. Direban da idonsa ke kan TikTok ba zai hango su ba. Ga kuma batiran caji da ake jibgewa kusa da jarkokin fetur cikin tsakar rana.

Sai dai a ruwa, kashe waya baki ɗaya ba mafita ba ce. Jirgin da ya nutse kusa da Wara a Mayun 2021 da mutum fiye da 150 ya nuna mana tsadar jinkirin kai ɗauki. Inda sabis ke ɗaukewa, intanet na tauraron ɗan'adam irin Starlink, wanda ya shigo Najeriya a 2023, zai iya isar da kiran gaggawa.

Ya kamata NIWA da ƙungiyoyin masu jirage su kafa ƙa'ida: direba ya ajiye waya har a isa gaɓa, yaron jirgi ya riƙe ta gaggawa cikin leda, batura kuma su yi nesa da fetur. Fasinja ma, in ka ga direba na latsa waya, ka yi magana. Ranka ne a hannunsa.