Gwanin Da Ba Ya Son Taro, Yaya Za Mu Yi Da Shi?

Jama'a, a kowace ma'aikata akwai irin mutumin nan. Ba ya son taro, ba ya son dogon bayani, kuma ba ya son a tsaya masa a ka yana aiki. Ka nuna masa injin da ya lalace ka ba shi wuri, kafin la'asar za ka ji inji ya tashi. Amma ka ce ya rubuta rahoto, sai ya ce maka, "Ai ga shi nan yana aiki."

Shugabanni da yawa sukan ɗauki wannan hali girman kai ne. Ni a ganina kuskure suke yi.

Na san wani mai gyaran janareto a Unguwar Sanusi, nan Kaduna. Wata shekara janareton majami'armu ya mutu, kwamiti ya zauna sau uku ana shawarar tara baiko a sayi sabo. Da aka kira mutumin nan, bayan gaisuwa bai ƙara cewa uffan ba. Ya kasa kunne, ya kwance, ya canza ƙarfe ɗaya, ya karɓi ɗan abin da aka ba shi ya tafi. Gani ya kori ji.

Tarihin garin nan ma shaida ne. Masaƙar KTL ta Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957, an rufe ta a 2002, UNTL kuma ta tsaya a 2007. Dubban ma'aikata suka rasa abin yi. A cikinsu, waɗanda muka ga sun fi saurin miƙewa su ne masu aikin hannu, waɗanda suka kama walda da kanikanci a kasuwar Panteka da cikin unguwanni. Wanda bai saba jiran umarni ba, ranar da babu mai ba da umarnin ba ya ruɗewa.

Saboda haka, maigida, idan Allah ya ba ka irin wannan ma'aikaci, faɗa masa abin da kake so da ranar da kake so, sa'an nan ka sakar masa mara. Ka auna shi da aikinsa, kada ka auna shi da bakinsa.

Amma fa, ɗan'uwa gwani, kai ma da sauran magana a kanka. Mai gyaran nan da na ambata ya kwanta ciwo wata biyu, shagonsa ya tsaya cak. Yana da yara uku, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa dalilin abu. Kullum sai "miƙo sifana" da "matsa can." Iyalinsa suka sha wuya, yaran kuma suka watse.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. A Fitowa sura 35, Ubangiji ya cika Bezalel da gwanintar aikin zinariya da itace domin Alfarwa, amma ya haɗa masa da baiwar koyar da waɗansu, shi da Oholiyab. A sura 18 kuwa, Yetro ya ga surukinsa Musa yana shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, ya gargaɗe shi ya raba aikin kada ya gaji ya gajiyar da jama'a. Idan Musa ya karɓi shawara, wane ne kai?

Dogaro da kai abu ne mai kyau, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba a ce ka zama mai surutu ba. Ka dai ɗauki yaro ɗaya a wannan mako, ka bar shi ya kwance inji da hannunsa kana gefe, ka amsa tambayarsa ba tare da tsawa ba. Baiwar nan amana ce, kuma za a tambaye ka ita.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.