Sharhi: Wa ke ƙidaya ribar albasar Madawa?

Daga watan Maris zuwa Afrilu, duk wanda ya bi babbar hanyar Ƙonni zuwa Madawa zai ga buhunan albasa jibge a bakin kwalta, manyan motoci na jiran lodi zuwa Akara, Kumasi, Abijan ko Lome. A daidai lokacin ne farashi ke faɗuwa warwas, domin kowa ya cire albasarsa lokaci guda, kuma mai bin bashin taki da na man injin ban ruwa ba ya jiran kasuwa ta gyaru. Bayan wata biyar ko shida, buhun da manomin Sabon Gida ko na Tamaske ya rabu da shi a arha sai ya ninka kuɗinsa. Ke nan akwai riba, sai dai wanda ya sha ranar ba shi da inda zai duba ya ga nawa ce, kuma a hannun wa ta tsaya.

Albasa ba ƙaramin abu ba ce ga Nijar. Idan aka cire ma'adinai da man fetur da dabbobi, tana sahun gaba a cikin kayan da ƙasar ke fitarwa, kuma jihar Tawa ce ke noma kaso mafi tsoka: fadamar Tarka da ta ratsa gundumomin Madawa da Buza, kwarin Maggiya, da yankin Keita, inda aikin farfaɗo da ƙasa da Italiya ta ɗauki nauyi tun 1984 ya samar da madatsun ruwa da noman rani. Dubban iyalai na ci daga wannan kaya, tun daga mai rainon iri har zuwa ɗan dako da direba da ɗan Adar da ke da rumfa a kasuwar Abijan.

Ba wai masana ba su taɓa leƙa kasuwancin wannan yanki ba. Emmanuel Grégoire ya wallafa nazarinsa kan Alhazan Maraɗi tun 1986. Olivier Walther ya bi diddigin alaƙar 'yan kasuwa a iyakar Ƙonni da Illela. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki daga Amurka, ta nuna a 2010 cewa shigowar wayar salula ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda ɗan kasuwa ya daina tafiya a makance. A 2014 kuma, ita da abokan aikinta suka gano wani abin da ya kamata kowane mai mulki a yankin ya sani: iyakar Nijar da Najeriya ba ta raba farashi sosai a inda Hausawa ne a ɓangarorin biyu, alhali a cikin Nijar ɗin kanta ana samun tazarar farashi tsakanin kasuwannin Hausawa da na Zabarmawa. Ma'ana, harshe da amana jari ne, kuma ana iya auna su da alƙaluma.

Matsalar ita ce duk wannan ilimi yana kwance cikin Turanci da Faransanci, a mujallun da ko malamin jami'a sai ya yi da gaske kafin ya same su. Manomin da ya bar aikinsa ya zauna ƙarƙashin bishiya yana amsa tambayoyin mai bincike, da wuya a koma a gaya masa abin da aka gano. Ga shi kuma akasarin nazarce-nazarcen sun girmi halin da ake ciki.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, iyakokin Najeriya da Binin suka rufe, motocin albasa suka maƙale, kaya ya ruɓe, farashi ya yi tashin gwauron zabi a Gana. An buɗe iyakar Najeriya a Maris ɗin 2024, amma ta Binin ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, lamarin da ya ƙara tura motoci ta Burkina Faso, hanyar da ke fama da rashin tsaro. A ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina suka kammala ficewa daga CEDEAO. Ko mutum na goyon bayan waɗannan matakai ko yana adawa da su, ba zai musa cewa sun sauya kuɗin mota, kwanakin tafiya da yawan asarar hanya ba. Kuma ɗan kasuwa ba ya haɗiye asara shi kaɗai, a farashin gona yake fanshewa.

Masu sayen ba za su jira ba. Albasar Holan ta daɗe tana shiga tashoshin ruwan Afirka ta Yamma a ƙananan buhuna masu tsayayyen nauyi, yayin da a nan ake ta jayayya kan buhu mai hula, wanda ake cika shi har ya yi toliya amma a biya kuɗin buhu ɗaya. Senegal kuwa takan dakatar da shigo da albasa a lokacin da manomanta ke girbi. Irin wannan shawara ba a yanke ta da ka, sai da lissafi.

Nijar ta taɓa ɗanɗana amfanin hujja. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na Senegal ya nemi rajistar mallakar nau'in Violet de Galmi a hukumar OAPI mai kare haƙƙin fasaha a Afirka. Nijar ta ƙalubalanta, kamfanin ya sauya wa irinsa suna, daga baya kuma albasar Galmi ta samu rajistar da ke danganta ta da ƙasarta ta asali. An kare sunan. Abin da ya rage shi ne a nuna ko rajistar ta ƙara wa manomi ko dala ɗaya a kan buhu.

Akwai tubalin farawa. Hukumar SIMA na tattara farashin kasuwannin cikin gida, RECA na ba manoma shawara da Hausa ta waya da WhatsApp, INRAN na aikin iri, ƙungiyar ANFO ta haɗa masu sana'ar. Amma ƙidayar shingaye da na goro a hanyoyin yankin, wadda CILSS ta riƙa yi, ta jingina ne da kuɗin masu ba da agaji, kuma kowa ya ga yadda aka rushe USAID a 2025. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, wadda aka kafa a 2010, tana da sashen tattalin arziki da na aikin gona, kuma tafiyar 'yan sa'o'i ce tsakaninta da Tarka. A can ya kamata wannan aiki ya samu mazauni na dindindin.

Za a ce jami'o'i na fama da ƙarancin kuɗi, kuma manyan 'yan kasuwa ba za su buɗe littafinsu ba don tsoron haraji. Duka gaskiya ne. Sai dai ana karɓar haraji a kan buhun albasa kafin ya bar yankin, kuma ware ɗan kaso daga ciki domin bincike ba zai durƙusar da kowace ma'aikatar magajin gari ba. Batun amana kuwa, ɗalibin da ya fito daga Buza, wanda kawunsa ke sayar da albasa a Kumasi, zai ji abin da baƙo da tafinta ba za su taɓa ji ba. 'Yan cirani da ke waɗannan kasuwanni suna riƙe da rabin amsar a wayoyinsu.

Tambayoyin ma ba masu wuya ba ne. Kilo nawa ke lalacewa a cikin rudu tsakanin Afrilu da Satumba, kuma ko ingantaccen ɗakin ajiya na mayar da kuɗin gininsa? Nawa mota ɗaya ke kashewa daga Madawa zuwa Akara ta kowace hanya? Ko busar da albasa a yi gabu, ko a niƙa ta gari, zai samu kasuwa a waje? Ya kamata a karanta sakamakon da Hausa a gidajen rediyon karkara na Madawa, Buza da Keita, kuma a yi hakan kafin watan Oktoba, lokacin da manomi ke yanke shawarar yawan fangalin da zai shuka da bashin da zai ci.