Kada Mu Raina Tumtum Ɗin Gida

Ni ba da Hausa na buɗe baki ba. Tangalanci ne harshen gidanmu, Hausa kuwa a unguwa da makaranta na tsince ta. Kalmar "tumtum" ma ban san ta ba sai da muka zo darasin sana'o'in gargajiya. Malaminmu ya bayyana yadda baduku ke ɗinka jemammiyar fata, ya yi mata ado, a cusa audugar rimi ko tsummoki a ciki, ta zama abin zama ko na jingina a zaurukan sarakai da attajirai. Na rubuta, na haddace, na ci jarrabawa. Ban taɓa zaton kalmar za ta yi mini rana a wajen aji ba.

Ranar ta zo ne da bikin wata ƙawata a Jekadafari. Mahaifinta ɗan fansho ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin katako da soso da yadin kujeru suka yi tashin gwauron zabo. Gado da katifa sun samu, saitin kujeru ya gagara, har aka ɗaga biki sau biyu. Tsohon ya fara maganar sayar da 'yar gonarsa. A nan ne na tuna da darasin nan, na ce da ita, "Ƙawata, me zai hana mu yi tumtum da kanmu?"

Fata ta fi ƙarfin aljihunmu, don haka muka nemi abin da ke kusa. Muka karɓo tsofaffin tayoyin mota huɗu a wajen mai faci, muka wanke da omo, muka shanya kwana biyu. Kafinta ya yanka mana falanki zagaye, biyu ga kowace taya, ya kafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Muka ɗora soso a sama, muka naɗe gefen da wani soson marar kauri. Daga Babbar Kasuwar Gombe muka sayo atamfa turmi ɗaya, wato yadi shida, muka haɗa da ƙyallayen da tela ya tara mana. Shi ya ɗinka wa kowane tumtum riga mai zariya a ƙasa, yadda in ƙurar hunturu ta ɓata ta za a zare a wanke. Cikin mako guda aka gama. An yi biki, gona kuma tana nan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da na ji ranar jere. Wata daga cikin 'yan biki ta taɓe baki ta ce, "Ashe a kan taya amarya za ta zaunar da baƙi?" A ganina wannan tunani shi ne ciwonmu. Mun mayar da kayan ɗaki gasa, iyaye na cin bashi don a yi kallo na yini ɗaya, sannan a bar su da biya na shekaru. Abin da aka yi da hannu a gida sunansa talauci, wanda aka sauke daga mota da leda a jikinsa sunansa wayewa. Alhali Turawan da muke kwaikwayo su ma aro irin wannan mazauni suka yi daga Turkawa, har suka laƙaba masa sunan Daular Usmaniyya, suka shigar da shi falukansu ba tare da jin kunya ba.

Na san za a ce tumtum ba ya maye gurbin kujera. Gaskiya ne, dattijo mai ciwon baya yana bukatar abin jingina, kuma taya in ba a wanke ta da kyau ba takan yi wari. Ban ce a kori kafintoci ba, ai mu ma da kafinta da tela muka yi aikin, kowa ya samu na cefane. Abin da nake cewa shi ne a fara da abin da ake da hali, kujera ta zo daga baya in Allah ya hore. Ga kuma wata riba: tayar da aka yar a bayan gida ruwan sama take tarawa, sauro ya hayayyafa a ciki.

'Yan'uwana ɗaliban harshe, mu ne muke cika takardun bincike da dukanci da saƙa da rini, muna kukan sana'o'in nan suna mutuwa. Garin nan har yau yana da unguwa mai suna BCGA, sunan da ta gada daga kamfanin audugar Turawa, shaidar cewa auduga ta taɓa riƙe Gombe. Sana'a ba ta rayuwa a cikin kundin digiri, haka ma kalma. In babu tumtum a ɗakunanmu, 'ya'yanmu ma a aji za su fara jin sunansa, kamar yadda na ji.

Saboda haka a hutun nan kowa ya gwada ko da guda ɗaya ne, ya ajiye a ɗakinsa. Wanda ya tambaye ka inda ka saya, ka gaya masa kai ka yi, kada ka sunkuyar da kai. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.