Ƙwayar Cuta: Suna Ɗaya, Halitta Biyu

A ganina, mu ɗaliban Hausa muna da hannu a cikin wata ɓarna da ake yi wa lafiyar jama'a, domin mun bar kalma ɗaya, watau "ƙwayar cuta", tana ɗauke da halittu biyu waɗanda ba su haɗa hanya ba.

Ta farko ita ce bakteriya. Wannan halitta ce mai cin gashin kanta: tana ci, tana girma, sa'an nan ta rabe biyu, waɗansu ma a cikin minti 20 kacal. Ita ke kawo kwalara da taifot da tarin fuka, wanda Robert Koch ya gano ƙwayarsa a 1882. Ta biyu kuwa, bairos, ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ta iya hayayyafa sai ta kutsa cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum ta tilasta musu ƙera irinta. Mura da ƙyanda da shan inna da agana duk aikinta ne.

To, ina ruwan mai nazarin harshe da wannan? Ruwansa shi ne magani. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, katangar da ke kewaye da bakteriya yake rushewa. Bairos ba ta da wannan katanga, saboda haka babu abin da zai yi mata. Amma mutumin da aka gaya wa cewa mura ƙwayar cuta ce, kafso kuma maganin ƙwayoyin cuta ne, mene ne laifinsa in ya nufi kemis? Hankalinsa ya yi aiki daidai, kalmar ce ta yaudare shi. Ga hasarar kuɗi, ga kuma abin da ya fi wannan muni: maganin yakan kashe raunanan bakteriyar da ke zaune a jikinsa, ya bar masu taurin kai su yaɗu, har ran da za a bukace shi da gaske a tarar ba ya ci.

Alhali kuwa jiki ba kango ba ne. Fata da majina su ne ganuwa. In abokin gaba ya ƙetare su, sai fararen ƙwayoyin jini su taso, waɗansu su haɗiye shi, waɗansu su ƙera makamin da ya dace da shi kaɗai, waɗansu kuma su riƙe kamanninsa shekara da shekaru. Shi ya sa da wuya ƙyanda ta kama mutum sau biyu, abin da iyayenmu mata suka daɗe da lura da shi. Rigakafi ma nuna wa dakarun nan kamannin maƙiyi ne kafin ya iso, kuma da shi aka kawar da agana, aka tabbatar da haka a 1980. Mura kuwa, galibi waɗannan dakaru ke gamawa da ita cikin mako guda ko kwana goma.

Na san malamaina masu kishin tsarkin harshe za su ce bakteriya da bairos baƙi ne. Haka ne, amma asibiti da likita ma baƙi ne, ga su sun zama 'yan gida. In Sashe yana da sunayen da suka fi waɗannan daɗin faɗi, sai ya fito da su, ya miƙa wa gidajen rediyo da masu fassarar littattafan makaranta, muddin dai sunayen biyu ne.